Ramin Yumɓu Ya Rufta Ina Tsakiyar Shiri

Na manta abubuwa da yawa daga shekarun da na yi ina zuwa gidan rediyo. Fuskokin baƙi da dama sun ɓace mini, waƙoƙin da a da nake iya rerawa daga farko har ƙarshe yanzu sai in kama farko in rasa tsakiya. Amma akwai wata Asabar ta farkon damina da na san ko tsufa ya cinye hankalina ba za ta fita daga raina ba. Ranar ce wata tsohuwa ta kira waya ina tsakiyar shiri, ta yi magana Daura da ƙauyukanta suna ji.

Gidan rediyon namu ƙarami ne, na al'umma. Ɗakuna ne 'yan kaɗan, da janareta mai yawan tari, da eriya da ake hangowa daga bakin titi. Yawancinmu ba albashi ne ya kawo mu ba. Ni malamar firamare ce, ranar Asabar da hantsi nake zuwa in gabatar da shirin sana'o'in hannu da kaɗe-kaɗen gargajiya. Muryarmu ba ta zuwa nesa can, amma tana kai wa Baure da Dutsi da ƙauyukan kewaye, idan yanayi ya yi kyau har tsallaken iyaka ana kama mu. Mai kula mana da na'urori wani dattijo ne da ya daɗe yana gyaran rediyo a kasuwa kafin ya zo wurinmu. Kowa Baba yake ce masa. Ba shi da yawan magana, yana zaune bayan gilashi yana kallon bakin mai gabatarwa, hannunsa a kan maɓallai.

A tsakiyar zafin bazarar shekarar na shiga kasuwa neman randa, don wuta ba ta zama, firji kuwa ya koma kabad. Mai sayarwar ya ƙwanƙwasa mini wata da ɗan yatsa, ta yi ƙara kamar ƙarfe. Na tambaye shi aikin ina ne, ya ce na wasu mata ne a wani ƙaramin ƙauye a kan hanyar Baure, ya ƙara da cewa in na ji su suna waƙa a wurin ginin, ba zan so tafiya ba. Abin da ya kai ni ke nan. Na ɗauki rakoda, na hau motar kasuwa.

Shugabarsu wata tsohuwa ce gajeriya, haƙoranta sun yi ja da goro, tafin hannunta duk ya tsattsage. Iya suke ce mata, ni ma na bi. Ita ke bayar da waƙa, sauran su amsa, suna zagaya tukunya suna lailaya ta da hannu. A cikin masu amshin akwai muryar da ta fita daban, siririya, tana hawa sama ba tare da wahala ba. Ta autar Iya ce, wadda ke aure nan cikin ƙauyen, tana da 'ya'ya biyu ƙanana. Da na yaba muryar, sai ta rufe fuska da gefen zane tana dariya, ta ce ita dai kada a faɗi sunanta a rediyo, surukanta na ji. Da yamma suka kifa ƙore a ruwa suka yi mini kiɗan ƙwarya irin wanda suke yi a gidan biki. Na cika rakoda, na yi shirin tafiya.

Sai Iya ta kama hannuna. Ta ce, "'Yar nan, kin ji mai daɗin. Zo ki ga ɗayan."

Ta ja ni bayan gari, wurin da suke ɗebo yumɓu. Daga nesa ba ka ganin komai sai wani wawakeken rami a gindin tudu. Da muka gangara na gane yadda abin yake. Yumɓu mai kyau yana ƙarƙashin jar ƙasa mai tauri, don haka sai su haƙa ƙasa, sannan su bi ta gefe, suna cin ciki suna barin jar ƙasar a samansu kamar rufin ɗaki. Shekara da shekaru suna haka, har wurin ya zama kogo, ba a shiga sai da rarrafe, da 'yar guntuwar fartanya da tocila a baki. Na leƙa, sanyi da warin danyar ƙasa suka buge ni. Iya ta nuna mini wata tsaga a rufin, doguwa, ana iya zura hannu.

"Bara babu wannan," in ji ta. "Ki faɗa musu a rediyon. Ba abin hannun kowa muke roƙo ba. Maza muke so da shebur, su yaye mana wannan ƙasar ta sama, mu riƙa ɗiba a fili muna ganin rana."

Na tambaye ta mazan ƙauyen fa. Ta ce masu ƙarfin sun tafi ci-rani, sai an ga hadari suke dawowa, da sun dawo kuma sai gona. Waɗanda suka rage tsofaffi ne. Mai gari ya yi magana ya gaji, abin ya fi ƙarfin hannun 'yan ƙauyen su kaɗai.

Asabar ta gaba na sa waƙar, na kuma sa maganar Iya a kan ramin, da muryarta, ban rage ko kalma ba. Ban taɓa ganin shirin ya karɓu kamar wannan karon ba. Waya ba ta huta ba. Wata tsohuwa ta kira tana kuka, ta ce rabon da ta ji irin wannan amshi tun tana yarinya a gidan kakarta. Direbobi a tasha suka riƙa tambayar a ina za su sami waƙar. 'Yan kasuwa suka fara zuwa ƙauyen da kansu suna ɗaukar randa da tulu tun kafin su huce daga gashi. Maganar ramin kuwa, duk wanda ya kira sai ya ce, "Allah ya kiyaye, Allah ya kawo masu taimako," sannan ya ce, "Malama, don Allah a sake sa mana ta mai siririyar muryar nan."

Ban bari ba. Kowane mako sai na maimaita maganar ramin. Daga ƙarshe muka yi shawara da mai garin aka sa ranar gayya, na yi ta shelarta. Masu kira da yawa suka yi alkawari. Ƙungiyar samari daga cikin gari suka ce za su zo da mota guda, wani ya ce yana da baro biyu zai kawo, wani ya ce shi da ƙannensa duka. Na yi murna, na ɗauka an gama.

Ana gobe gayya ruwan farko ya sauka, mai yawa, irin wanda manomi ke jira. Da gari ya waye na je ƙauyen, tun daga hanya na san abin da zan tarar. Ko'ina ka duba mutane ne a gona, maza na sara, mata da yara na bin su suna zuba iri suna takewa. A bakin ramin na sami mai gari da wasu tsofaffi da ba su cika hannu ba. Matan sun tashi tun asuba sun dama kunu cikin manyan tukwane, sun yi dambu a faifai-faifai, an jera a inuwa an rufe. Tsofaffin suka ɗan kankare gefe guda har numfashi ya gagare su, suka zauna. Rana ta take, ba wanda ya zo. Aka raba wa yara abincin, sauran ya yi tsami.

Har yau ba na iya zagin waɗanda ba su zo ba. Wanda ya bar danshin farko ya wuce shi bai yi shuka ba, ya san abin da ya jawo wa gidansa na shekara guda. Mai gari ya ce a bari a gama noman farko, a sake sa rana. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, to a hana su shiga kafin nan." Ya ce zai faɗa.

Da za mu rabu na sake yi wa Iya maganar da kaina. Na ce, "Iya, don Allah ku dakata. Ƙasar nan ta sha ruwa."

Ta dube ni kamar yadda ake duban yaron da bai san dawa ba. Ta ce, "In aka ƙara ruwa biyu irin wannan, ramin ya cika, mun zauna ke nan sai bayan kaka. Me za mu gina? Me za mu ci? Sauri za mu yi, mu tara abin da za mu tara mu fito."

Na hau mota na dawo.

Asabar ɗin da nake ba ku labari, baƙona wani mai kukuma ne daga wata unguwa kusa da Kusugu, mutum mai barkwanci, ya manyanta amma da sauran ƙarfinsa. Ya yi kiɗa biyu, mun yi dariya, ya ba da labarin yadda mahaifinsa ya taɓa fasa masa kukuma a ka. Sai na ce a buɗe waya masu sauraro su gaisa da shi. Na farko ya gaishe shi, na biyu ya roƙi wani kiɗa. Baba ya ɗaga mini yatsa alamar ga wani.

Na ce, "Salamu alaikum, da wa muke magana, kuma daga ina?"

Ba a amsa ba. Iska ce ke kaɗawa a wayar, da wani sauti a baya wanda na ɗauka gudar biki ce. Sai da na saurara na gane kururuwar mata ce.

"'Yar nan! 'Yar nan, ke ce?"

Na gane muryar kafin ta ƙarasa. Na ce, "Ni ce, Iya. Lafiya?"

"Ramin ya rufta. Su uku ne a ciki, har da Auta. Maza duk suna gona, ba kowa sai mu, da hannu muke tonawa. Ki kira mana mutane. Ki kira su, suna jin ki."

Dokar gidan ita ce, in waya ta zo da abin tashin hankali kai tsaye, a katse a sa kiɗa, a bincika tukuna. Na ga hannun Baba ya tafi kan maɓallin ya tsaya. Bai katse ba. Ni kuwa bakina ya mutu. Ina ganin jar fitilar da ke nuna ana ji na, ina jin numfashin Iya a kunnena, amma harshena ya ƙi motsi. Sai da Baba ya buga gilashin da tafin hannu, abin da bai taɓa yi ba, na karanta a leɓensa yana cewa, "Yi magana!"

Ban san da wace murya na yi ba. Na faɗi sunan ƙauyen, na faɗi inda ake ratsewa daga titi, na ce duk wanda ke ji na a gona ko a gida ko a kan hanya, in yana kusa, ya ajiye abin da yake yi ya ɗauki shebur ko fartanya ko kwano ya tafi, mata uku ƙasa ta danne. Na maimaita, na sake maimaitawa. Daga baya na gane dalilin da ya sa Iya ta kira mu ba wani ba. A lokacin shuka da noma, kusan kowace gona akwai rediyo a rataye a reshe ko waya a aljihu tana kama tasha. Ba wata hanya da za ta kai ga mazan nan warwatse a daji cikin lokaci guda sai wannan.

Ina cikin magana na ga mai kukuma ya jingine kukumarsa a bango, ya zaro makullin babur. Ya sunkuyo ya ce mini a hankali, "Malama, akwai shebur a gidan nan?" Ya ɗauki wanda maigadi ke yashe kwata da shi, ya fita. Manaja ya shigo ba hula, ya ce a soke duk sauran shirye-shiryen, in zauna a wurin.

Sai waya ta ɓarke. Wani direban a-kori-kura ya ce yana tasha, duk mai zuwa ya zo ya hau. Wani tsoho da ya ce haƙar rijiya ce sana'arsa ya kira yana haki, ya ce in gaya musu kada a taru a saman wurin, nauyin mutane zai ƙara rufta shi, kuma in an kusa kai wa gare su a ajiye diga a koma hannu. Wata ma'aikaciyar jinya daga Dutsi ta ce duk wadda aka samu a fara share mata hanci da baki kafin a ja ta, kada a fizge. Duk abin da aka faɗa mini sai in mayar wa jama'a, ban san ko ana ji a can ba, ban san ko yana da amfani ba. Abin da nake da shi ke nan.

Mai kukuma ne ya zama idonmu. Da ya isa ya kira, muryarsa ta canza, ba barkwanci ko kaɗan. Ya ce mutane na ɓullowa daga gonaki ta ko'ina da gudu, wasu ko riga babu. Can ya sake kira ya ce an fito da ta farko, tana kusa da baki, ƙafafunta ne kawai suka danne, tana magana. Na yi hamdala a gaban makirufo, na ji maigadi da sauran ma'aikata a waje suna kabbara. Aka daɗe, ya sake kira. An sami ta biyu, ƙirjinta ya bugu, jini na fita ta baki, amma tana numfashi, an sa ta a mota.

Na ce, "Saura ɗaya?"

Ya ce, "Saura 'yar tsohuwar. Ita ce can ƙurya. Ta baki ba a iya kai wa, ƙasa na ta zubowa. An ce sai an kwashe saman gaba ɗaya."

Wannan jiran shi ne mafi tsawo da na taɓa yi a rayuwata. Ba kiɗan da zan iya sa wa. Manaja ya ce a sa karatun Alƙur'ani in huta, Baba ya girgiza kai, ya ce in aka sa yanzu mutane za su ɗauka an rasu, masu hanya su juya. Don haka na ci gaba da magana. Na faɗi hanya, na faɗi abin da tsohon nan mai haƙar rijiya ya ce, na roƙi mata a gida su yi addu'a.  A raina ina ta lissafin da bai da amfani: wataƙila rufin ya bar mata ɗan fili, wataƙila kwandon ɗiban yumɓu ya kare mata fuska.

Aka yi kiran azahar, aka idar, ina nan. Sai na ga Baba ya ɗauki tasa wayar, ba ta shirin ba. Ya saurara. Ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur, ya dube ni ta gilashi. Sannan ya miƙa hannu ya sa karatun.

Na cire abin kunne na kifa kaina a kan tebur. Da aka yi ɗan karatu ya rage sautin, na yi salati, na sanar da jama'a cewa an fito da biyu da rai, ɗaya Allah ya karɓi abarsa. Ban faɗi sunanta ba.

Manaja ya kai ni a motarsa. Tun daga inda ake ratsewa babura ne a zube, da kekuna, da amalanke, da motocin da ban san daga ina suka fito ba. Ko ranar kasuwa ban taɓa ganin taro irin wannan a ƙauye ba. Maza sun yi jawur da ƙasa tun daga kai har ƙafa, suna tsaye da shebur a hannu. Na ratsa su na isa bakin ramin, sai na kasa gane wurin. Babu kogo, babu tudun. Don su kai ga Auta sun yaye jar ƙasar nan duka sun watsar gefe. Yumɓun na nan shimfiɗe a fili, toka-toka, yana sheƙi a rana.

An riga an ɗauke ta an kai gida. Waɗanda suka same ta sun ce a durƙushe take, fartanyar na hannunta. Ita ce ke shiga can ciki kullum, don ta fi su ƙarancin jiki da ƙarfin hannu.

Iya na zaune a ƙasa a gefe, ta miƙe ƙafafu. Faratanta sun ɓaɓɓalle, jini ya bushe a yatsunta. Ba ta kuka. Na durƙusa a gabanta, na buɗe baki in yi ta'aziyya, kuka ya riga ni. Ita ce ta dafa kafaɗata. Ta nuna ramin da haɓa.

"Kin gani, 'yar nan? Ko la'asar ba ta yi ba sun gama." Sannan ta ce, kamar da kanta take magana, "Ashe aikin bai kai yini ba."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, ba kuma da zafi ba. Amma wurin ya yi tsit ƙwarai, na kusa duk sun ji. Mai gari ya sunkuyar da kai. Wani saurayi da ke tsaye bayana ya saki shebur ɗinsa, ya tsuguna ya rufe fuska, yana cewa, "Ni na kira na ce zan zo. Wallahi ni na kira." Wani dattijo ya kama shi ya ja shi gefe.

Bayan la'asar aka yi jana'iza. Ruwan alwala bai isa ba, matan suka riƙa fito da randunan da suka gina don sayarwa, ana cika su daga rijiya. Sahu ya fita har cikin gonaki. Yawancin waɗanda suka sallace ta ba su taɓa ganin fuskarta ba, muryarta kawai suka sani. Mai kukuma ya dawo da ni a babur ɗinsa, tafin hannunsa duk ya ɗaye. Da muka shigo Daura, a ƙofar gidanmu ya ce, "Malama, da na iso wurin fuskarta, ni na share mata ƙasar." Ya ja babur ya tafi. Kukumar tasa ta yi makonni a jingine a ɗakin shirin bai zo ɗauka ba.

Kwanakin da suka biyo baya, roƙon waƙar ya ninka. Kowa so yake a sa, wasu don jimami, wasu don su ji muryar wadda ake ta magana a kai. Manaja ya ce shi ba zai yanke ba, a tambayi uwar. Bayan addu'ar bakwai na je. Na tarar da ita a tsakar gida, ƙaramar jikar tana kwance a cinyarta. Wadda ƙirjinta ya bugu an sallamo ta daga asibiti, amma an ce ba za ta ƙara ɗaukar kaya mai nauyi ba. Na zauna, muka gaisa, na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗi abin da ya kawo ni.

Iya ta shafa kan yarinyar. Ta ce, "Wannan har yanzu in ta ji motsi a ƙofa sai ta tashi ta leƙa. Gidan nan ba mu da rediyo, amma maƙwabta na da. In ta ji muryar uwarta ta katanga, ta fita nema, me zan ce mata?"

Na ce ba za a sa ba. Ba a kuma sa ba, har na bar gidan rediyon. Masu kira sun yi ta ƙorafi, wani har ya ce mun hana jama'a abin da yake nasu ne. Na ba shi haƙuri kawai.

Iya ba ta ƙara waƙa ba. Da ta daina bayarwa, masu amshi ma suka yi shiru, kiɗan ƙwaryar ƙauyen ya mutu daga nan. Ginin tukwane dai ba su bari ba, don ba su da wata sana'ar. Da rani na koma, na same su a ramin, suna ɗiba a fili, rana na dukan bayansu, yara na wasa a gefe ba mai tsawata musu. Iya ta ƙara tsufa ƙwarai a 'yan watannin nan. Ta ɗago ta gan ni, ta ce, "Yanzu ɗiban ba wuya." Ta mayar da kai ta ci gaba da cika kwando. 

Na daɗe ina juya wannan rana a raina. Mutanenmu ba marasa tausayi ba ne. Na gani da idona, mutum ya bar gonarsa a tsakiyar aiki ya yi gudu don matar da bai sani ba, ya tona ƙasa har fatar hannunsa ta saɓule. Tausayin yana nan, da yawa ma. Sai dai ba ya tashi sai ya ji kururuwa. Maganar da aka faɗa a natse, da sauran lokaci, ana iya gyara abin cikin sauƙi, ita ce ba ta da masu amsawa. Kowa na ji, kowa na cewa Allah ya kiyaye da zuciya ɗaya, kowa kuma na da tasa hidimar da ta fi gaggawa a ranar.

Na yarda kwana ne ya ƙare, ba wanda ke wuce nasa. Amma wannan bai sauke mana namu nauyin ba. Abin da na koya shi ne, idan wani ya nuna maka haɗari ya ce a taimaka, to ranar ce ranar taimakon, ba ranar da abin ya auku ba. Tun daga lokacin, a rediyo ko a makaranta ko a unguwa, in aka kawo mini kuka irin wannan ba na barin a rufe shi da addu'a kawai a tashi. Nakan amsa amin, sannan in tambaya wa zai je, kuma yaushe. In ranar ta rushe, ba na yarda a ce sai an ga hali, a nan take nake neman a sa wata. Wasu na cewa na cika naci, ina kuma jin su. Ni dai na taɓa zama a gaban uwa a bakin rami, na ga abin da ake biya idan taimako ya iso a makare.